Yadda ake ɗaukar hoton tsuntsayen tabki a sheƙarsu a ƙasar Damagaram

Wanda ya ɗauki kyamara ya nufi tabki a watan Janairu zai tarar da tsuntsaye fal, amma da wuya ya ga sheƙa. Yawancin agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen gaɓa da ke cika tabkunanmu lokacin ɗari baƙi ne. Daga Turai da Asiya suke zuwa wajen Oktoba, su koma a Maris ko Afrilu, kuma can suke yin ƙwai. Namu na gida, irin su shamuwa, balbela, kirinjijiya da taka-a-baɗo, ruwan sama suke jira. Damina kuwa a Damagaram gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara duka wajen milimita 400. A cikin waɗannan 'yan watanni tsuntsuwa za ta yi sheƙa, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar da 'ya'ya har su tashi. Idan sheƙar ta lalace a Agusta, sau da yawa shekarar ta wuce ta ke nan. Saboda haka duk matakan da ke tafe a kan abu guda na ɗora su: kada tsuntsuwa ta tashi daga kan ƙwanta saboda kai.

Mataki na farko: san wa ke sheƙa, a ina, kuma yaushe

Shamuwa ce ke fara isowa, wajen watan Mayu, daga kudancin Afirka inda take cin rani. Manoma na ganinta su san lokacin gyaran gona ya yi. Ba ta tsoron mutane, a cikin gari take sheƙa, kan kuka ko tsamiya ko gawo, wani lokaci har kan rufin ɗaki. Ƙwai biyu zuwa uku take yi galibi, kwancinta wajen wata guda, kuma fara ce babban abincin 'ya'yanta. Ga mai koyo babu abin farawa da ya fi ta. Idan ka sami sheƙar da ke kan gawo ka yi sa'a, domin gawo da damina yake zubar da ganye, sai ka ga sheƙar sarai ba abin da ya tare ta.

Balbela taro take yi, sheƙa kusa da sheƙa, a kan bagaruwa ko giyayya da ruwa ya kewaye, ko kan manyan itatuwan gari. Lokacin aure kanta da ƙirjinta da bayanta sukan yi launin ƙasa-ƙasa mai ja, bakinta ma ya yi ja na ɗan lokaci. Mace da namiji ke karɓa-karɓar kwanci na wajen kwana 23. A cikin taronsu akan sami zalɓe, wani lokaci da jinjimi.

Taka-a-baɗo sai inda ruwa ya zauna har baɗo ya rufe shi. Sheƙarta 'yar tarin ciyawa ce mai yawo a kan ruwa, ƙwai huɗu masu ƙyalli da zanen baƙi. Namiji ne ke kwanci, shi ke renon 'ya'ya, mace kuwa takan yi wa maza fiye da ɗaya ƙwai. Zakaran ƙeƙuwa shi ko sheƙar kirki ba ya yi: ɗan rami ne a ƙasa a bakin ruwa, ƙwan sun saje da tsakuwa, kuma tun bazara yake farawa, lokacin da ƙasa ta fi zafi. Kirinjijiya a cikin ciyawa mai duhu take ɓoye tata. Zan dawo kanta, domin ita shawarata daban ce.

Mataki na biyu: wuri da izini

Tabkin Gidimuni, kimanin kilomita 70 gabas da birnin Damagaram a kan hanyar Gure, ba ya ƙafewa, ga dabino da lambuna kewaye da shi. An sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2019, tabkin Lasuri kuma tun 2005. Ta kudu akwai fadamun Korama, wajen Matamai da Magarya. Amma kada ka raina ƙaramin tabkin da damina ke cikawa a bayan ƙauyenku, ko na wajen Mirya. Wurin da za ka iya komawa sau da yawa a mako ya fi wurin da za ka je sau ɗaya a shekara.

Bakin tabki da damina ba fili ba ne maras mai shi. Gonar hatsin wani ce ta kai har gaɓa, ko burtalin shanu, ko inda masunta ke ɗaure komarsu. Ka fara da gidan maigari. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Ranka ya daɗe, hoton tsuntsaye nake ɗauka, ba farauta nake ba, kuma ba zan taɓa komai ba.” Ka nuna masa hotuna a jikin kyamarar ya gani da idonsa. Daga nan mai gona. “Baba, in ka yarda zan kafa 'yar bukkar zana a gefen kunyarka, ba zan taka shuka ba.” Kusan kullum shi ne zai gaya maka abin da ba ka sani ba: itacen da balbelu suka zauna bara, da inda ruwa ke kaiwa idan marka ta yi.

A wuri kamar Gidimuni ka sanar da jami'an gandun daji. Farauta da kare namun daji a Nijar suna ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kuma mutum a ɓoye cikin ciyawa da dogon abu a hannu dole a tambaye shi. Ka riƙe katin shaidarka, kuma a kan hanya kyamara ta zauna cikin jaka, musamman kusa da shingen jami'an tsaro.

Mataki na uku: zuwan farko na kallo ne

Ka je da madubin hangen nesa da ɗan littafin rubutu. Ka zauna nesa, mita hamsin ko fiye, ka yi awa biyu ba ka matsa ba. Abin da kake nema shi ne al'adar tsuntsuwar idan babu mai damunta: ta wane gefe take shigowa, a wane reshe take sauka kafin ta ƙarasa sheƙa, minti nawa take yi kafin ta dawo da abinci, yaushe miji da mata ke canjin kwanci. Ka rubuta. Wannan ne ma'auninka daga baya. Idan ka san uwa takan dawo duk minti ashirin, ran da ka matso ta yi minti arba'in tana kewaya ba ta sauka ba, ka san kai ne dalili.

Ka duba maƙiya su ma. Hankaka, shirwa, guza, karnukan ƙauye. Hankaka na lura da mutum, kuma ya san idan mutum ya doshi itacen balbelu iyaye za su tashi.

Mataki na huɗu: kaya

Gilashin kyamara mai jawo nesa shi ne gaba da komai. Na milimita 300 shi ne mafi ƙaranci, na 400 ya fi. Ga lissafin da zai kwantar maka da hankali: da gilashin milimita 400 a kan kyamara mai matsakaicin faranti (abin da ke karɓar hoto a cikinta), irin wanda ake rubuta wa APS-C, daga nisan mita 20 faɗin abin da hoton ke ɗauka kusan mita 1.2 ne. Balbela tsawonta wajen rabin mita. Ke nan ta cika fiye da sulusin hoton tun ba ka yanke komai ba. Daga mita 30 faɗin ya kusa mita 1.8, sheƙa da reshe da tsuntsu duk sun shiga. Babu abin da zai kai ka gindin itace.

Wanda ba shi da ƙarfin wannan, kyamarori masu gilashi a haɗe irin Nikon Coolpix P900 suna jawo nesa ƙwarai, kuma da hasken safe suna yin aiki mai kyau. Wayar salula ita kaɗai ba ta isa ba, sai dai a kan shamuwar cikin gari, ko ka manna idonta a bakin madubin hangen nesa da aka ɗaure da kyau. Hatsarin salula shi ne tana sa mutum ya yi ta matsowa.

Sauran kayan: mazaunin kyamara mai ƙafa uku, ko ƙaramin buhu da aka cika da wake a ɗora gilashin a kai, batir na biyu, babbar leda don ruwa, takalmin roba mai tsawo, tufafi masu launin ƙasa ko toka. Farar riga a bar ta gida.

Mataki na biyar: nisa da maɓoya

A nan aikin yake, kuma a nan ake ɓarna.

Ƙwai na bukatar zafi wajen digiri 37 zuwa 38. Idan ya haura 40 da ɗoriya ya jima a haka, abin da ke ciki ya mutu. A ƙasashen sanyi tsuntsu na kwanci don ya ɗumama ƙwai. A nan da rana tsaka inuwa yake yi musu. Ka lura da zakaran ƙeƙuwa a watan Mayu: zai je ruwa ya jiƙa gashin cikinsa, ya dawo ya tsuguna kan ƙwan don ya sanyaya su. Tsuntsun da ke wannan wahala, idan ka tashe shi da azahar na 'yan mintuna, rairayi ya gama da ƙwan, kai kuma ka tafi gida ba ka san ka yi kisa ba. Don haka daga hantsi zuwa la'asar babu kusantar sheƙa, ko da hadari ya rufe rana.

Tsuntsu na faɗin damuwarsa tun kafin ya tashi. Ya daina gyaran gashi ya miƙe wuya. Ya zuba maka ido ɗaya bai kawar ba. Ya ɗago daga kan ƙwai. Ya zo da abinci a baki ya tsaya a wani reshe ya ƙi ƙarasawa. Zakaran ƙeƙuwa zai yi ta ihu, ya kawo maka sura ta kai, ko ya ruga gefe ya tsuguna kamar yana kwanci don ya janye ka daga wurin. Ko wanne ka gani, ka ja baya ta hanyar da ka zo, a hankali, har sai ya koma abin da yake yi. Inda ya koma ɗin nan ce iyakarka, ka ƙara mata 'yan taku.

Maɓoya ita ke sa ka ɓace masa. Zana biyu da sanda huɗu sun isa, ko karan dawa na bara, abin da idon tsuntsun ya saba gani a gona. Ka rufe sama, domin mai tashi daga sama yake kallo. Ka huda ƙaramar kafa daidai gilashi, ka rataya tsumma mai duhu a bayanka don kada haske ya nuna motsinka. Kada ka kafa ta a inda kake so tun ranar farko. Ka kafa ta nesa, ka bar ta kwana biyu ko uku, ka sa ƙasan kwalba a kafar don su saba da ƙyalli. Sannan ka matsar da ita kaɗan, da sassafe, cikin 'yan mintuna, ka koma nesa ka duba da madubi ko tsuntsuwar ta koma. Idan ba ta koma da wuri ba, ka mayar da bukkar baya nan take. Kuma kada a yi wannan aiki lokacin da ake ginin sheƙa ko farkon kwanci, lokacin ne tsuntsu ya fi saurin yin ƙaura ya bar komai. Bayan ƙyanƙyasa ya fi jurewa.

Shiga bukka da rakiya ake yi. Ku zo ku biyu, kai ka shige, abokinka ya juya ya tafi a fili yana tafiyarsa ta kullum. Tsuntsaye da yawa suna ganin mutum ya tafi sai su saki jiki. Fita ma haka: shi zai dawo ya ɗauke ka a lokacin da kuka shirya, kada ka ɓullo kwatsam daga cikin zana.

A taron balbelu ka ninka hattara. Tsuntsu ɗaya ya firgita, duka sun tashi, hankaka ya faɗa. Idan 'ya'yan sun fara girma, tsoro kan sa su yi tsalle daga sheƙa tun fikafikansu ba su yi ƙwari ba, kuma wanda ya faɗo ƙasa ko ruwa da wuya ya rayu. Ba a shiga ƙarƙashin itacen, ba a shiga da kwalekwale tsakanin bagaruwa. Daga gaɓa ake ɗauka.

Kirinjijiya kuwa, kada ka nemi sheƙarta sam. Kafin ka same ta ka tattake ciyawa, ka buɗe hanya har bakin ƙwan, kuma kare da guza za su bi sawunka. 'Ya'yanta na barin sheƙa jim kaɗan bayan ƙyanƙyasa. Ka jira ƙarshen damina ka same su a kan ruwa, uwa da uba da jerin 'ya'ya a tsakani. Wannan hoton ya fi na ƙwai a ciyawa kyau nesa ba kusa ba.

Abubuwan da ba a yi ko kaɗan: yanke reshe ko ganye don sheƙa ta fito, domin wannan ganyen ne inuwarta da sutura, taɓa ƙwai ko ɗan tsuntsu, kunna kukan tsuntsu a salula don a jawo shi, walƙiyar kyamara, tashin ƙaramin jirgi maras matuƙi a kan sheƙa, wanda tsuntsaye ke ɗauka shaho ne.

Sai yara. Duk inda ka je za su biyo ka, kuma wasu da danƙo a aljihu. Korarsu ba ta aiki. Ka zauna da su nesa, ka ba su madubi su leƙa ɗaya bayan ɗaya, ka nuna musu hoton ɗan shamuwa yana karɓar fara. Amma sheƙar ƙasa, irin ta zakaran ƙeƙuwa, kada ka nuna ta da yatsa, kada ma ka juya gilashi wajenta muddin suna nan.

Mataki na shida: haske, iska da saitin kyamara

Da damina rana na fitowa wajen ƙarfe shida da 'yan mintuna, kuma tana hawa da sauri. Haske mai taushi bai fi awa ɗaya da rabi ba. Ka kasance cikin bukka tun bayan sallar asuba, rana a bayanka. Da yamma kuma daga bayan la'asar sakaliya.

Ga abin da ya sa nake fifita yamma idan tsuntsu mai sauka nake so. Tsuntsu iska yake fuskanta idan zai sauka, iskar damina kuwa galibi daga kudu maso yamma take busowa. Idan ka zauna yamma da sheƙa da maraice, rana na bayanka, shamuwa za ta sauko tana fuskantarka, fikafikai a buɗe, ƙafafu a miƙe, shuɗin fatar fuskarta a cikin haske. Da safe kana gabas, sau da yawa bayanta za ka samu. Safe na hoton kwanci ne da ciyarwa.

Saurin ɗauka: tsuntsu a zaune, 1/500 na daƙiƙa ya isa idan kyamara na kan mazauni. Ciyarwa da gardamar 'ya'ya, 1/1000. Tashi da sauka, 1/2000. Buɗewar gilashi f/5.6 tana narkar da bayan hoto, amma idan kana son uwa da 'ya'ya duk su fito tas ka koma f/8. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar shi ya hau, 800 ko 1600 da sassafe ba laifi ba ne. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, wanda hawan ISO ke kawowa, ana gyara shi, wanda ya girgiza ba a gyara shi. Saitin gani a kan ido, da ɗigo ɗaya, domin ƙayar bagaruwa na sace saitin idan ka bar wa kyamara zaɓi.

Farin balbela na yaudarar kyamara. A gaban ganye mai duhu sai ta ƙone farin, gashin ya zama fili babu zane. Ka rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki a ma'aunin hasken kyamara, ko mataki guda, ka kunna alamar da ke ƙyaftawa inda fari ya ƙone. Shamuwa akasin haka: baƙa ce a gaban farin sama, sai ka ƙara. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto mai sauƙin gyara daga baya, in kyamararka na da shi, kuma ka kashe duk ƙararta.

Ga tsuntsayen ruwa da na ƙasa, ka sauko daidai idonsu. Buhun wake a ƙasa, kai a kwance a kan tabarma. Daga nan ne za ka iya samun namijin taka-a-baɗo ya kwashi 'ya'yansa a ƙarƙashin fikafikai yana tafiya a kan baɗo, ba a ganin komai nasu sai dogayen yatsu na reto. Sai dai ka sani, sau da yawa hatsari ya hango, shi ya sa ya kwashe su. Ka tabbata ba kai ne hatsarin ba.

Mataki na bakwai: jikinka

Ruwan tabki da ke kwance na ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Kada ka shiga ba takalmin roba. Sauro da asuba da magariba, sai doguwar riga da maganin shafawa. Ka buga zanar bukka da sanda kafin ka shiga, maciji da kunama na son inuwarta. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba; da ka ga gabas ta yi baƙi ka sa kyamara a leda ka bar bakin ruwa da gindin itace, tsawa ba ta son mai riƙe da ƙarfe a fili. Idan ka tarar da matattun tsuntsaye da yawa wuri ɗaya kada ka taɓa, ka gaya wa jami'an kiwo ko na gandun daji. Murar tsuntsaye ta farko da aka tabbatar a Nijar a Magarya ce, a 2006.

Mataki na takwas: bayan an dawo gida

Salula da wasu kyamarori na rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton. Ka kashe wannan tun kafin ka fita. Idan za ka sa hoto a Facebook ko WhatsApp, “jihar Damagaram” ta isa, kuma gara ka jira 'ya'yan su tashi tukuna. Gauraka fa, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai kuma ake kama 'ya'yanta don a ajiye a gidaje, idan Allah ya nuna maka sheƙarta kada ka faɗa wa kowa wurin sai jami'in da ka amince da shi.

A littafinka ka rubuta rana, wuri, irin tsuntsu, yawan sheƙa, da yawan 'ya'yan da suka tashi. Masu binciken tsuntsayen Sahel na bukatar irin wannan bayani, kuma ana iya shigar da shi a eBird, shafin intanet na tattara bayanan tsuntsaye, bayan lokacin sheƙa ya wuce. Ka wanke hoto biyu ko uku a takarda ka kai wa maigari da mai gona. Idan 'ya'yan sun tashi ka kwashe zanarka da sandunanka, ka cike ramukan da ka haƙa kafin a fara girbi.